Yadda Mulkin Allah Yake Girma a Duniya: Tambayoyi da Amsoshi daga Ƙasar Zuru

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan tasowa a ajin baftisma da taron matasa a ikkilisiyoyin ƙasar Zuru da Yauri, wasu kuma daga 'yan'uwa mazauna Birnin Kebbi da Gusau. An amsa su bisa ga bangaskiyar Kirista. Inda ɗarikoki suka sha bamban, an faɗa.

Mene ne ma Mulkin Allah ɗin? Sai an mutu ake shigarsa?

Mulkin Allah shi ne sarautar Allah a aikace, wato duk inda aka bi nufinsa da yardar rai. Shi ya sa a addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa roƙo biyu suke manne da juna: mulkinsa ya zo, a kuma aikata nufinsa a duniya kamar yadda ake yi a sama (Matiyu 6:10). Da wannan batu Yesu ya buɗe wa'azinsa a Galili, ya ce lokaci ya yi, mulkin ya kusato, a tuba a gaskata da bishara (Markus 1:15).

Ba shi da iyaka irin ta jiha ko masarauta, ba shi da hedikwata. Bulus ya bayyana shi da abu uku: adalci, salama, da farin ciki cikin Ruhu Mai Tsarki (Romawa 14:17). Kirista sun gaskata ya riga ya soma da zuwan Almasihu, amma cikarsa tana gaba, ranar da zai komo. A tsakanin nan muke zaune, kuma kusan duk tambayoyin da ke ƙasa daga wannan zama na tsakani suka fito.

Wa yake sa shi girma, Allah ko mu?

Markus ne kaɗai ya rubuta misalin da ya fi dacewa da wannan tambaya (4:26-29). Mutum ya watsa iri a gona, ya koma gida. Ya yi barci, ya tashi, dare ya bi rana. Irin ya tsiro, ya yi ganye, ya yi kai, ya nuna, shi kuwa mai gonar bai san yadda aka yi ba. Abin da ya rage masa shi ne ya ɗauki lauje.

A lura da abin da manomin ya yi da abin da bai yi ba. Ya shuka, zai kuma girbe. Amma tsakanin shuka da girbi akwai wani aiki da hannunsa ba ya kaiwa. Da mutanen Korinti suka rabu gida-gida, wasu na Bulus wasu na wani mai wa'azi Afolos, abin da Bulus ya rubuta musu ke nan: shi ya dasa, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma (1 Korintiyawa 3:6-7).

Wannan magana tana da baki biyu. Tana sauke girman kan mai wa'azin da yake lissafin "waɗanda na tubar". Tana kuma sauke nauyi daga wuyan mai bisharar ƙauye wanda ya shekara yana wa'azi ga mutum goma sha, yana ganin kamar laifinsa ne da benci bai cika ba. A ganina na biyun sun fi yawa a ƙasarmu, kuma su ne ba a cika yi wa wa'azi a kan wannan aya ba.

In dai Allah ne yake yi, me ya sa za mu wahalar da kanmu?

Domin a misalin ma sai da aka shuka. Bulus ya tambaya: yaya za su gaskata da wanda ba su ji labarinsa ba, yaya kuma za su ji in ba mai shela (Romawa 10:14)? Wanda ya bar irinsa a rumbu ya ce yana jiran Allah, ba bangaskiya gare shi ba.

Me ya sa kullum abin yake farawa ƙanƙane, kamar ba zai kai ko'ina ba?

Haka Yesu ya ce zai kasance. Ya kwatanta mulkin da ƙwayar mastad, iri mafi ƙanƙanta cikin waɗanda manoman ƙasarsa suke shukawa, wanda yake girma har tsuntsaye su sami wurin sheƙa (Markus 4:30-32). Bayan ya koma sama, masu bin da suka taru a Urushalima wajen 120 ne kacal (Ayyukan Manzanni 1:15), yawancinsu Galilawa marasa suna.

Tarihin arewacin Najeriya ma haka yake. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Hausa. Kafin 1894 ta ƙare cuta ta kashe biyu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake zuwa, ya sake komawa. Sai a 1902 mishan ɗinsu ya kafa tasharsa ta farko a Patigi. Daga wannan aiki ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Duk wanda ya duba lamarin a ƙarshen 1894, kaburbura biyu zai gani da mara lafiya guda.

Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa bai fito ba sai 1932, bayan shekaru masu yawa na aikin fassara wanda likita Walter Miller na Zariya yake cikin manyansa, tare da Hausawan da suka zauna da shi suna gyara masa harshe. Yau wannan Hausar ce ake karantawa ran Lahadi daga Zuru har Ribah, daga Yelwa har Gusau, a majami'un UMCA da ECWA da Katolika da Angilikan da Baftis, a bakin Dakarkari da Kambari da Dukkawa da Fakkawa da Gungawa da Hausawa. Kuma galibin waɗanda suka kai bishara ƙauyukan nan ba Turawa ba ne. Masu bishara ne 'yan ƙasa, manoma, da malaman makaranta, da ma'aikatan ɗakin shan magani, waɗanda sunayensu ba su shiga wani littafi ba.

A zahiri, a cikin unguwa, yaya ake gane cewa yana girma?

Misalin yisti ne yake amsa wannan (Matiyu 13:33). Mace ta ɗauki yisti ta cuɗa cikin mudu uku na gari, har duka ya kumbura. Mudun nasu babba ne, garin ya haura kilo 20, abincin taro guda. Yistin kuwa ya ɓace a ciki, ba wanda zai iya nuna shi da yatsa. Ta canjin da ya kawo ake sanin yana nan.

Ga yadda abin yake a ƙasa. An yi rasuwa a wani gida, mai gidan ne, ya bar mata da yara biyar. Kafin rana ta ɗaga matan Zumuntar Mata ta ikkilisiya sun iso, kowace da abin da ta iya: wannan ƙwaryar dawa, waccan itace a ka, wata sabulu. Babbarsu ta durƙusa kusa da matar ta ce, "Sannu da haƙuri, ƙanwata. Ubangiji ya ta'azantar da ke." Ba wanda ya yi dogon wa'azi. Suka share tsakar gida, suka ɗora tukunya, suka rera waƙa biyu. Wannan kowa yana yi, Musulmi da Kirista. Abin dubawa shi ne bayan wata uku, lokacin da 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, dangin miji kuma suka fara zancen gonar. Wani dattijon ikkilisiya, wanda shi ma dangin mamacin ne kuma yana da rabo in an ƙwace, ya miƙe a taron dangi ya ce, "Gonar marayu ce, ba da ni ba." A nan ne yisti ya nuna kansa.

Mai awo ya daina danne gindin mudu. Magidanci ya daina dukan matarsa. Ma'aikaci ya ƙi sa hannu a takardar aikin da ba a yi ba. Mutum biyu da suka shekara ba sa gaisawa suka ci abinci a kwano ɗaya kafin jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake shiga rahoton shekara na ikkilisiya.

Ashe cikar majami'a ba ita ce alamar girma ba?

Tana iya zama alama, kuma Littafi bai raina lissafi ba: Luka ya rubuta cewa wajen mutum 3,000 aka yi wa baftisma ranar Fentikos (Ayyukan Manzanni 2:41). A 1900 Kiristan Afirka duka ba su wuce miliyan 10 ba, yau sun haura miliyan 600. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a tambayi daga ina mutanen suka fito. Sau da yawa sabuwar majami'a a gari tana cika ne da waɗanda suka bar tsohuwar saboda kayan kiɗa ko rigimar zaɓen dattawa. Garke ɗaya ne ya sauya turke. Yesu da kansa ya ce ba duk mai kiransa Ubangiji ne zai shiga mulkin ba, sai mai yin nufin Uban (Matiyu 7:21). Akwai ranar da taro ya watse masa saboda koyarwarsa ta yi musu tsauri, har ya tambayi sha biyun ko su ma za su tafi (Yahaya 6:66-67). Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

In ɗanmu ya zama shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa, Mulkin Allah ya ci gaba ke nan?

Ba dole ba. Kirista yana da 'yancin neman muƙami kamar kowane ɗan ƙasa, yana da kyau kuma ya yi zaɓe, ya nemi haƙƙinsa ta hanyar doka, har da haƙƙin filin gina majami'a da koyar da yaransa addininsu a makaranta. Yusufu ya yi mulki a Masar, Daniyel ya yi a Babila, Bulus ya yi amfani da 'yancinsa na ɗan Roma a gaban hukuma. Amma da taro suka so naɗa Yesu sarki ƙarfi da yaji, zamewa ya yi ya hau dutse (Yahaya 6:15). A gaban Bilatus kuma ya ce mulkinsa ba na wannan duniya ba ne, da na duniya ne da barorinsa sun yi yaƙi (Yahaya 18:36).

Ikkilisiya ta taɓa gwada ɗaya hanyar. A 313 Sarki Kustantin ya halatta addinin Kirista a daular Roma, a 380 kuma aka mai da shi addinin gwamnati. Tsanani ya ƙare, manyan gine-gine suka tashi, amma tare da su aka shigo da masu baftisma don neman muƙami da bishop-bishop masu hali irin na fadawa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Faston da ya karɓi buhunan siminti a hannun ɗan takara zai sha wuyar buɗe baki ranar da wannan ɗan takara ya cinye kuɗin asibiti. In ɗanmu ya hau kujera ya yi gaskiya ga Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya, to a nan an ga wani abu na mulkin. In ya yi sata, sunansa na baftisma ƙarin kunya ne kawai.

Ana iya yaɗa shi da ƙarfi, ko da kyauta?

A'a, ko ɗaya. Da Bitrus ya zare takobi a Getsamani, umarnin da ya samu shi ne ya mai da shi kube (Matiyu 26:52). Da Yakubu da Yahaya suka nemi a sauko da wuta a kan ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓarsu, tsawa suka sha (Luka 9:54-55). Yaƙe-yaƙen da Kiristan Turai suka fara a 1095 da sunan gicciye abin kunya ne, kuma har yau muna biyan bashinsu a idon maƙwabtanmu.

Kyauta kuwa, a ba mai yunwa abinci domin yana jin yunwa. Da zarar an ɗaura masa sharaɗin sai ya zo sujada, an mai da bishara ciniki. Maganar kāre kai daga ɓarayi wani batu ne dabam, kuma Kirista ba su zama baki ɗaya a kai ba: wasu sun yarda da tsaron gida da iyali a ƙarƙashin doka, wasu sun ƙi ɗaukar makami sam. Abin da ba a yi gardama a kai ba shi ne ramuwar gayya haramun ce.

'Yan bindiga sun tashi ƙauyenmu, majami'armu tana kulle. Mulkin Allah yana ja da baya ne?

Wannan ce tambayar da ta fi nauyi, kuma bai kamata a amsa ta da sauri ba. Mutanen Danko-Wasagu da Sakaba da Fakai sun san abin da ake nufi da barin gona da hatsi a tsaye. Iyayen ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri, waɗanda aka sace a Yuni 2021, sun sani. A Zamfara kuwa, mafi yawan waɗanda aka kashe ko aka kora Musulmi ne, masallatai da yawa ma suna kulle. Masifar ba ta tambayi addinin kowa ba. Mugunta ce, kuma kada wani ya yi mata kwalliya da aya.

Bayan an faɗi wannan, ga abin da Littafi ya nuna. Bayan kisan Istifanas, mai bin Yesu da aka jajjefe, tsanani ya warwatsa masu bi daga Urushalima, kuma duk inda suka je da maganar suka je (Ayyukan Manzanni 8:1-4). Wasunsu suka kai Antakiya, garin da aka fara kiran almajirai Kirista, garin da daga baya ya aiki Bulus da Barnaba. Gudun hijira ne ya kafa wannan ikkilisiya. A Sin, an kori 'yan mishan a farkon shekarun 1950, mutane da yawa suka ɗauka an gama, amma masu bi suka ci gaba da taruwa a gidaje har suka ninka.

Amma kada a ɗauka haka take ƙarewa kullum. Arewacin Afirka ya taɓa cika da ikkilisiyoyi. Agustin, wanda ya rasu a 430, bishop ne a garin da yau yake cikin Aljeriya. Waɗannan ikkilisiyoyi sun shuɗe. Masarautun Kirista na Nubiya, a arewacin Sudan, sun yi ƙarnuka kafin su ma su ɓace. Na Masar da na Habasha kuwa suna nan har gobe. Alkawarin da Yesu ya yi shi ne mutuwa ba za ta rinjayi ikkilisiyarsa ba (Matiyu 16:18). Bai yi alkawarin kowane gini zai tsaya ba.

Saboda haka mai wannan tambaya ya duba inda mutanen ƙauyensa suke yanzu. In suna cikin garin Zuru, iyali uku a ɗaki biyu, da safiyar Lahadi kuma mai bishararsu yana bi gida-gida yana tara su, da littafin waƙoƙin da ya tsira da shi a aljihu, to ikkilisiyar tana nan. Gwajin ya koma kan 'yan'uwan cikin gari: za su buɗe ƙofa, ko za su ƙara kuɗin haya?

In mulkin yana girma, me ya sa majami'a take cike da munafukai?

Yesu ya riga ya faɗa. Maƙiyi ya shuka ciyawa cikin alkama da dare, barori suka so tumɓuke ta, mai gona ya hana su, kada su tumɓuke da alkamar (Matiyu 13:24-30). Ciyawar da yake nufi tana kama da alkama ƙwarai kafin ta fid da kai. Manomin gero ya san irin wannan a shibra: tana tashi tare da gero, ganye ɗaya, tsayi ɗaya, mai gaggawar cire ta tun tana ƙarama zai cire geronsa.

Wannan bai hana horo ba. Zunubin da ya fito fili akwai hanyarsa: a je wa mutum shi kaɗai, sannan da shaidu, sannan gaban ikkilisiya (Matiyu 18:15-17), da nufin a maido shi. Abin da aka hana shi ne mu zauna muna yanke wa zukatan mutane hukunci. Wanda ake nunawa da baki bana, wataƙila shi ne dattijon kirki nan da shekara goma.

Sai mutum ya bar yarensa da al'adarsa kafin ya shiga?

Manzanni sun yanke wannan tun a taron Urushalima: ba sai al'ummai sun zama Yahudawa ba kafin su zama na Almasihu (Ayyukan Manzanni 15). Badakkare ba sai ya zama Bahaushe ba, Bahaushe ba sai ya zama Bature ba, ba sai ya sauya suna ko ya jefar da babbar riga ba. Abin da ya shafi tsafi da bautar wani abu ban da Allah, a bar shi. Gaisuwa, girmama manya, aikin gayya, kiɗa da abinci, waɗannan suna shigowa tare da mai su. A kan bukukuwa irin su Uhola, bikin gargajiya na Dakarkari, ikkilisiyoyi ba su da matsayi ɗaya, gara mutum ya zauna da dattawansa su rarrabe abin da yake na godiya da zumunci da abin da yake na tsafi.

Yaya zan yi shaida ga maƙwabcina Musulmi ba tare da rigima ba?

Bitrus ya ce a zauna a shirye don amsa wa mai tambaya, amma da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15-16). Ka lura, tambaya ce take fara zuwa, kuma ba a tambayar mutumin da ba a ga komai a rayuwarsa ba. Kada ka zagi abin da yake girmamawa. Kada ka ja yaron wani a ɓoye. Ka je masa suna da ta'aziyya, ka karɓi naman layyarsa in lamirinka ya yarda, ka aika masa abincin Kirsimeti. In ya tambaye ka abin da ka gaskata game da Yesu, ka faɗa masa sarai, kada ka rage. In ya ce bai yarda ba, maƙwabcinka ne har yanzu, kuma ba dabara ce ta sa kake ƙaunarsa ba.

Wasu masu wa'azi suna cewa a "shuka iri" na kuɗi don mulkin ya faɗaɗa. Gaskiya ne?

Da Yesu ya fassara misalin mai shuka, ya ce irin maganar Allah ce (Luka 8:11). Baiko da zakka suna da wurinsu: da su ake ciyar da mai bishara, a gyara rufi, a taimaki gwauraye. Amma mai cewa ka ba shi dubu goma Allah ya mayar maka da dubu ɗari, ka karanta masa amsar da Bitrus ya ba Saminu mai sihiri, wanda ya so sayen baiwar Allah da kuɗi (Ayyukan Manzanni 8:20), ka kuma nemi a karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a.

Yaushe girman zai kai ƙarshe?

Sa'ad da Almasihu ya komo ya yi shari'a, aka ta da matattu, aka kawar da mutuwa da kuka. A kan wannan Katolika da Angilikan da ikkilisiyoyin bishara duk sun yarda. Sun sha bamban a kan tsarin abubuwan da za su gabata, musamman shekara dubun da aka ambata a Wahayi sura 20: wasu suna ɗaukarta a zahiri kuma tana gaba, wasu suna ganin kwatanci ce ta zamanin ikkilisiya da muke ciki.

Ranar kuwa, Yesu ya ce ba wanda ya sani sai Uban (Matiyu 24:36). Duk da haka ba a fasa sa rana ba. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira 22 ga Oktoba 1844, wasu har sun bar amfanin gonarsu ba su girbe ba. Harold Camping, mai wa'azin rediyo a can Amurka, ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka kashe ajiyarsu wajen buga allunan sanarwa. In saƙo irin wannan ya shigo maka a WhatsApp da kwanan wata a jiki, kada ka tura wa kowa.